Gahawar da Na Ce a Sha

Ranar Lahadin waccan da hantsi takalmina na dama ya yi murabus. A matakalar bene na uku ya ajiye aiki, cikin wani dogon gini a Amman: ƙasan ya tsaya a kan mataki, ni na wuce gaba da saman. Ban ga laifinsa ba. Wata guda cur yana bina ofisoshin hukuma, kuma duk wanda ya yi wannan bautar ya cancanci hutu, har da fansho in da ana ba takalma. Na sunkuya na ɗauki ƙasan na cusa a aljihu, na ƙarasa hawa ina ɗingishi. Mai gadin ƙofar ya dube ni da tausayi ya ce, "Alhaji, kai ne motar ta buge?" Na ce masa a'a, matata ce, ni taya ta ɗingishin nake yi.

Masu bin wannan shafi sun san ni, Abu Ra'id na garin Zarka, tsohon mai raba wasiƙu, wanda ba shi da aiki sai gunaguni a kan kuɗin kananzir da alkawuran manya. Yau gunagunin ya shigo cikin gida, don haka ku gyara zama.

Ummu Ra'id, wato uwargidana Itidal, shekara talatin da ɗaya tana taka keken ɗinki. Ƙafarta ta dama ce ta ciyar da gidan nan a duk watan da albashina ya ƙare tun ran goma, kuma babu watan da bai yi hakan ba. Wata safiya ta fita sayen gurasa, tana tsaye a bakin titi inda Allah da hukuma suka ce masu ƙafa su tsaya, sai wata a-kori-kura ɗauke da tumatir ta yi baya ta hau kanta. Ƙashin da ke ƙasan gwiwa ya dagargaje. A asibiti aka naɗe ƙafar, likita ya ja ni gefe ya ce wannan ɗaurin na wucin gadi ne. Sai an yi aiki an sa ƙarfe, kuma cikin mako shida. In aka wuce haka ƙashin zai kama a karkace, gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba.

Na zaro katin lafiyata na 'yan fansho ina taƙama. Mai karɓar kuɗi ya ture shi da bayan biro. Ya ce katin nan yana aiki in ciwo daga Allah ne, amma in mota ce ta kawo shi, to kamfanin inshorar motar ne zai biya. Na ce ashe motar ba a ƙarƙashin ikon Allah take ba? Ya ce shi ba malami ba ne, in kawo takarda daga kamfanin su sa ranar aiki. Kuɗin aikin kuwa da ya faɗa mini, ko ni da gidan da keken ɗinkin aka haɗa aka kai kasuwa ba za mu kai ba.

Abin da ake nema ke nan, jama'a. Sunan kamfani ɗaya. Kowace mota a ƙasar nan dole ta yi inshora, doka ce, an buga ta a allunan kan hanya da manyan baƙaƙe. Na ɗauka aikin yini ɗaya ne.

Amma kafin nan sai na faɗa muku abin kunyar da na yi, don mai gunaguni a kan wasu ya kamata ya fara da kansa, ko da sau ɗaya ne a shekara.

Direban, wani bawan Allah mai suna Fawwaz, yana tsare a wurin 'yan sanda, ba za a sake shi ba sai an yi sulhu. Kwana uku da hatsarin sai danginsa suka aiko cewa tawagar ban-haƙuri na tafe. Muka yi hayar kujeru, muka kafa rumfa a ƙofar gida, maƙwabta suka cika. Motoci goma sha huɗu suka jeru a layinmu da bai taɓa ganin fiye da motar mai gas ba. Wanda ya jagoranci tawagar kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mu kira shi Mai Girma Uban Sulhu, Inuwar Marayu, Mai Alkyabbar da Ba Ta Taɓa Ƙura. Babu rigimar da ake kashewa a yankinmu ba tare da an ɗauki hotonsa a tsakiya ba.

Kun san yadda ake yi. Aka zuba masa gahawa, ya karɓi finjali, ya ajiye a gabansa bai kai baki ba. Ba zai sha ba sai an biya masa buƙatar da ta kawo shi, kuma gahawar babban baƙo ta huce a gidanka abin gori ne da jikokinka za su gada. Ya miƙe ya yi jawabi na rabin sa'a. Ya ce tun yana yaro yake jin labarin karamcin gidanmu. Ya ce kakana zaki ne. Ni na san kakana, mai gyaran risho ne, kuma kare ya taɓa korarsa har cikin masallaci, amma a ranar sai na ji gashin zaki na tsiro mini a wuya.

Maƙwabcina Abu Muflih wanzami yana zaune kusa da ni. Ya dungure ni da gwiwar hannu ya ce a hankali, "Kafin ya sha, tambaye su sunan kamfanin."

Na ce, "A gaban mutanen nan? Ka ji abin da ya ce game da kakana kuwa?"

"Na ji. Ni na yi wa kakanka aski, bai taɓa biya ba. Tambaye su."

Ban tambaya ba. Mai rubuta takardar sulhu ya ɗago kai ya ce, "Ranka ya daɗe, in sa layin nan da aka saba, cewa sun yafe wa direba amma haƙƙinsu na kan kamfanin inshora yana nan?" Mai Girma ya yi murmushi, ya juya tasbaharsa, ya ce, "Wannan layin na mutanen da ba su yarda da juna ba ne. A gidan Abu Ra'id muke. Maganin 'yar'uwarmu a kaina yake, a wuyana yake." Ya dafa kan, ya dafa wuyan, don kada wani ya ce bai gani ba.

Duk rumfar ta zuba mini ido. Na miƙe, na gyara hiramina, na ce da muryar da ban san ina da ita ba, "Mu in mun yafe, mun yafe duka. Ku sha gahawarku."

Aka yi ta sa mini albarka. Aka sha, aka karanta Fatiha, na sa hannu, aka ɗauki hoto. Mai ƙafar tana ɗaki a kwance, bango ɗaya tsakaninta da rumfar, tana jin komai. Babu wanda ya leƙa ya tambaye ta, har ni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai ni ko kuɗin ban karɓa ba, kirari na karɓa. Da na shiga ina ƙamshin turaren manya, abin da ta ce kawai shi ne, "Sun faɗi sunan kamfanin?" Na ce mata kada ta damu, maganar tana kan Mai Girma.

Washegari na kira lambar da ya ba ni. Wani ya ɗauka ya ce Mai Girma yana wurin sulhu a kudu. Jibi yana wurin sulhu a arewa. Ƙasar nan ba ta da girma, amma rigimarta ta ishi mutum ɗaya ya ɓace a ciki har abada. Sai na ce bari in nemo kamfanin da kaina.

Na fara da Fawwaz. Na same shi a kasuwar kayan miya, ya kama hannuna yana neman ya sumbata, idonsa ya yi ja. Yaron kirki ne, ba na ƙinsa. Na ce, "Ɗana, wane kamfani ne ya yi wa motarka inshora?"

Ya ce, "Wallahi Kawu ban sani ba. Ai ka san ba zaɓa ake yi ba. Taga ake zuwa a biya, su jefa mutum kamfanin da layi ya faɗo a kansa. Kuma ni ban ma taɓa zuwa ba, dillalin da ya sayar mini da ita shi ke sabuntawa."

"Motar ba taka ba ce?"

"Tawa ce, amma da takardar wakilci na saya. Shi ma dillalin da wakilci ya saya, daga wani da ya saya da wakilci. Sauya suna tsada gare shi, Kawu. Amma 'yar takardar tana cikin akwatin gaban mota, motar kuma tana ma'ajiyar 'yan sanda."

Dillalin ya tafi aikin Umara, wayarsa a kashe, Allah ya karɓa. Na nufi ma'ajiyar, can bayan gari inda bas ke juyawa. Mai tsaron wurin ya ce ba a taɓa mota sai da takarda daga caji ofis. A caji ofis aka ce takardar sai wanda ya zana hatsarin ya sa hannu, shi kuma an yi masa sauyin wurin aiki. Na ce to a nuna mini zanen, ai akwai gurbin sunan kamfani a ciki. Bayan kwana huɗu aka nuna mini. Zane mai kyau, har tumatir ɗin an ɗiga. An auna nisan mota da bango, an rubuta yanayin sama, an rubuta launin rigar Ummu Ra'id. A gurbin kamfani an rubuta: za a cike daga baya.

Na tambayi yallaɓan da ke kan tebur yaushe ne daga bayan. Ya ce, "Alhaji, ba kun yi sulhu ba? Fayil ɗin a rufe yake. Ba a rubutu a rufaffen fayil."

Daga nan sai babban ofishin rajistar motoci. Yabon gwani ya zama dole, ginin nan ya yi kyau. An shimfiɗa marmara har bayi, ga maɓuɓɓugar ruwa a tsakar gida tana ta tsalle, a garin da famfonmu ke zuwa sau ɗaya a mako kamar baƙon kunya. A bakin ƙofa an kafa allo mai hoton wani hannu riƙe da waya, an rubuta cewa duk hidimar ɗan ƙasa yanzu tana tafin hannunsa. An kashe abin da aka kashe wajen ƙaddamar da wannan tsari, na gani a talabijin, har da yanka ƙyalle da ƙaton almakashi. Na ciri lamba daga na'ura, ta ba ni ɗari biyu da sha bakwai, allon yana kan sittin. Taga tara ce, biyu ke aiki. Sauran bakwai ɗin an jingina musu kwali mai cewa a je taga ta gaba.

Da layi ya zo kaina bayan azahar, na miƙa lambar motar. Saurayin da ke tagar ya danna, na ga hasken abin a gilashin idonsa, wato amsar tana gabansa. Ya ce, "Kai ne mai motar?"

"Ni ne mijin wadda motar ta taka."

"Sirri ne. Mai mota kaɗai ake faɗa wa. Ya zo da kansa da katinsa."

"To waye mai motar?"

"Shi ma sirri ne."

Mako biyu na yi kafin in gano mai motar, ta bakin wani bakanike da ya san dillali na biyu. Wani dattijo ne na garin Irbid, kuma shekararsa huɗu da rasuwa. Na koma tagar na faɗa wa saurayin. Ya duba na'urarsa ya ce a wurinsu yana da rai, ko watan Maris ɗin nan ya sabunta takardunsa. Na ce masha Allah, ga ɗan ƙasa nagari, yana kabari yana biyan haraji, mu muna raye muna ƙorafi. Ya ce in marigayin ba zai iya zuwa ba, ya ba ni wakilci a rubuce.

Kada ku ce ƙari na yi. Da ƙari zan yi da na ce ya yi dariya.

Ana cikin haka aka ƙara kuɗin mai, don a cewarsu farashin duniya ya hau. Wannan farashin na duniya tsani gare shi mai hawa kawai, ban taɓa jin ya sauko ba. Kuɗin bas ya bi shi, na koma taka rabin hanya da ƙafa, abin da ya jawo wa takalmina ajali ke nan. A ƙarshe mai tsaron ma'ajiyar ya gaji da ganin fuskata ya bar ni na leƙa motar. Babu taya, babu batir, babu rediyo, akwatin gaban ma an cire shi da murfinsa. Ya ce iska ce, wurin akwai iska sosai.

Duk wannan lokacin Ummu Ra'id tana kwance tana ƙirga kwanaki a kalandar kantin magani da ke bango. Ba ta yi mini faɗa ba ko sau ɗaya, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Kullum na dawo sai ta dubi hannuna, ba fuskata ba. Matan unguwa suna zuwa karɓar yadinsu da ba a ɗinka ba, suna cewa ba komai, Allah ya ba da lafiya, suna wucewa wurin wata telar.

Abu Muflih ne ya cece ni, ko in ce ya ƙarasa ni. Ina zaune a kujerarsa yana yi mini gyaran fuska, ya ce, "Kai dai wahalalle ne. Wata guda kana bin ƙofa, wa ya ce maka ta ƙofa ake shiga? Akwai wani da nake yi wa aski, ƙanin matarsa yana taga ta shida."

"Taga ta shida a rufe take."

"A rufe take gare ka. Sayo kayan zaƙin nan kunafa tire ɗaya, mai cuku, kada ka sayo ta arha ka kunyata ni."

Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Tire ya tafi da safe, kafin la'asar saƙo ya shigo wayar Abu Muflih. Sirrin ƙasa da aka hana ni wata guda, wanda sai mamaci ya taso za a faɗa, ya fito a kalma uku: Kamfanin Garkuwar Matafiya. Ashe allon nan bai yi ƙarya ba, hidimar tana tafin hannu, sai dai hannun ya kasance ɗauke da tire.

Wannan ne ya kai ni benen da takalmina ya mutu. Saura kwana shida a wa'adin likita. Na shiga da ƙafa ɗaya a takalmi ɗaya a safa, zuciyata fari ƙal. Wata yarinya mai ladabi ta zaunar da ni, ta kawo ruwa, ta danna lambar motar. Ta ce inshorar tana da rai, kuma ta shafi wanda aka buge. Na ce alhamdu lillahi, har hawaye ya zo mini. Sai ta buɗe fayil, ta zaro wata takarda ta juyo mini da ita.

"Baba, wannan sa hannunka ne?"

Takardar sulhu ce. Ni na yi wata guda ina neman kamfanin, ita kuwa ta iso washegarin ranar da aka sha gahawa, ga hatimin karɓa da kwanan wata. A duk ƙasar nan ban taɓa ganin takardar da ta yi sauri irin wannan ba.

Ta ce, "An rubuta kun yafe dukkan haƙƙi, a kan kowa. Yawanci akan sa wani layi a ƙasa a ware kamfani. Da an sa shi, yau ɗin nan zan ba ka takardar asibiti." Ta rage murya. "Waye ya ce kada a sa?"

Sai na ɗaga kai. A bangon da ke bayanta akwai babban hoto cikin zinariyar firam, an rubuta Shugaban Hukumar Gudanarwa a ƙasa. Alkyabbar nan ce, tasbahar nan ce, murmushin nan ne da ya ce kakana zaki ne. An ba kura ajiyar nama, kuma ni na kai mata har gida, na haɗa da gahawa.

Da na faɗa wa Ummu Ra'id, ta daɗe tana kallon kalanda. Sannan ta ce, "Ran Juma'a yake zama a zaurensa, ko?"

Na ce, "Haka ne, amma zauren maza ne."

"Maza sun yi nasu a ƙofar gidan nan, na ji da kunnena. Ka nemo mana tasi."

Bayan an sauko daga masallaci muka isa. Zaure ne mai faɗin filin ƙwallo, kujeru jere a bango, mutum ya fi sittin, kowa da buƙatarsa a aljihu. Ta shiga da sandunanta biyu, ƙafar a miƙe cikin ɗauri, ina biye da ita kamar wanda aka kamo. Hira ta tsaya. Mai Girma ya taso da fara'a, ya ce marhabin da 'yar'uwa, marhabin da gidan karamci, a ba su wuri kusa da shi. Mai zuba gahawa ya zo da butarsa ya zuba mana.

Ummu Ra'id ta karɓi finjalinta, ta sunkuya da ƙyar, ta ajiye shi a kan tebur a gabansa. Ta naɗe hannu.

Kowa a zauren ya san ma'anar wannan. Na ga wani tsoho ya daina jan tasbaha. A raina na ce yau gaba ta haɗu da gabanta, yau al'adar da ta yanka mu za ta yanka shi, don babu mai zaure da zai yarda gahawar baƙo ta huce a gabansa, balle mace, balle mai rauni.

Ya ce, "Sha gahawarki, Hajiya. Buƙatarki a kaina take."

Ta ce, "A kanka aka ɗora ta wancan karon, ranka ya daɗe, ga shi har yau ba ta sauko ba. Yau a takarda nake so. Layi ɗaya zuwa ga kamfaninka, a yi mini aiki kafin ƙashin ya kama. Gobe ne ƙarshen wa'adin."

Murmushinsa bai motsa ba. Ya ce, "'Yar'uwa, a nan ni uban sulhu ne. A kamfani kuwa ba ni ke magana ba, takarda ke magana, akwai masu hannun jari, amana ce a wuyana. Mijinki ya yi abin da 'ya'yan manya ke yi, ya yafe a gaban shaidu. Kina so in tozarta shi, in ce maganarsa ba magana ba ce?" Ya juyo gare ni. "Ko ka janye, Abu Ra'id?"

Idanun mutum sittin da ɗoriya suka sake zubo mini. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Kafin in haɗa kalmar ya riga ya juya wurin wani mai jan hirami yana tambayarsa yadda zaitun ya yi bana, hira ta tashi ta ko'ina, kowa ya sami abin kallo a silin.

Ta zauna nan. Tururin finjalin ya ragu, ya ɗauke. Minti ashirin, ko fiye. Sama ba ta faɗo ba, bango bai tsage ba, ba wanda ya tashi ya fita don kunya. Can mai zuba gahawa ya zagayo, ya ɗauki finjalin ba tare da ya dube ta ba, ya juye shi a tukunyar fulawar da ke gefe, ya jefa cikin kwanon wanki. A ranar na gane cewa al'adar nan gangara take bi kamar ruwa. In babba ya ajiye finjali a gidan talaka, doka ce. In talaka ya ajiye a gidan babba, wanke-wanke ne ya ƙaru.

Ta ce in miƙo mata sandunan. Da na sunkuya ɗauka sai idonta ya sauka a hannuna, nawa ma ya bi. Finjalina ne a ciki, babu ko ɗigo. Ban san lokacin da na shanye ba. An miƙo mini, babban mutum yana kallo, hannuna ya yi abin da ya saba shekara sittin. Ta karɓi sandunanta. Ta ratsa zauren nan daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sandunan suna ƙwanƙwasa marmara, kuma ban taɓa jin kunya irin ta wannan tafiyar ba.

Mun koma wurin likita da aka kwance ɗaurin. Ya ɗaga hoton ƙashin a haske, ya ce ya kama. Ya kama da kyau ma, a karkace. Za ta taka da sanda, amma gwiwar ta tsaya ke nan. Yanzu a kan kujera take salla, ita da ta kan yi wa mata 'yan'uwanta dariya in sun ce gwiwa ta hana su sujada. Keken ɗinkin ta sa na lulluɓe shi da zanen gado na tura lungu. Fawwaz yana zuwa duk Alhamis da kwandon tumatir ya ajiye a ƙofa ya gudu, ba ya iya haɗa ido da ita. Shi kaɗai ne a duk labarin nan ya biya wani abu. Mai Girma kuwa na gan shi shekaranjiya a jarida, a tsakiyar hoto, ya kashe wata rigimar hatsarin mota, an yaba wa iyalan da suka yafe.

Abu Muflih ya ce in kai ƙara. Na ce wa zan kai, hannuna?

Tun ranar nan ni ke dafa gahawar safe a gidanmu. Ina zubawa in kai mata har kujera. Takan karɓa ta ce an gode, ta ajiye a gabana a kan tebur, ta naɗe hannu. Kwana biyu na farko na yi kamar ban gane ba. A na uku na daure na ce, "Ummu Ra'id, sha mana. Mece ce buƙatarki?"

Ta ce, "Gwiwata."

Haka take hucewa kullum, ni ke juyewa, ni ke wankewa.

Takalmin dai na kai wa mai gyara a bakin kasuwa, ya manna ya buga ƙusa. Na tambaye shi ko zai riƙe. Ya dafa kansa ya ce, "A kaina, Alhaji." Na ce masa ya rubuta.